Yadda ake tafiyar ɗaukar hoton namun daji cikin jirgin ruwa a dajin Great Bear na Kanada

A yammacin Kanada, a lardin British Columbia, akwai wani dogon daji da ya bi gaɓar tekun Fasifik tun daga arewacin tsibirin Vancouver har zuwa iyakar Alaska. Sunansa Great Bear, faɗinsa hekta miliyan 6.4 ne. Daji ne mai yawan ruwan sama, amma ba irin na kudancin Najeriya mai zafi ba, wannan sanyi gare shi. A shekarar 2016 gwamnatin lardin da ƙabilun asali na yankin da kamfanonin katako da ƙungiyoyin kare muhalli suka cimma yarjejeniyar da ta hana saran itace na kasuwanci a kashi 85 cikin ɗari na dajin. Mafi yawan wurin babu titin mota. Tsibirai ne da lungunan teku masu zurfi da suka ratsa tsakanin duwatsu, don haka mai son hoton dabbobin wurin a jirgin ruwa zai kwana, a ciki zai ci abinci, daga cikinsa kuma zai riƙa sauka da safe da yamma. Ga yadda ake shirya wannan tafiya daga farko har a dawo da hotuna.

Mataki na farko: zaɓi dabbar kafin ka zaɓi rana

Yawancin masu zuwa su dawo da ɓacin rai, a nan suka kuskure, watanni kafin su taka jirgi. Sukan duba lokacin hutunsu su sayi tikiti, sannan su fara tambayar me za su gani. Juya abin za ka yi, domin kowace dabba da watanta.

Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli lokacin babbar beyar ce mai ruwan ƙasa, wadda ake kira girizili. Ta fito daga dogon barcinta na hunturu da yunwa, kifi bai iso ba, sai ta sauko bakin koguna tana kiwon ɗanyar ciyawa tana tonon saiwoyi da ƙumba a cikin laka. A wannan lokaci ne ake ganin uwa da 'ya'yanta, kuma lokacin barbara ne, maza na bin mata. Wurin da ya fi shahara da wannan shi ne Khutzeymateen, kimanin kilomita 45 arewa maso gabas da garin Prince Rupert, wanda aka keɓe a 1994 a matsayin gandun girizili na farko a Kanada. A can ba a barin baƙo ya taka ƙasa, daga cikin kwalekwale ake komai, kuma kamfanoni kaɗan ne ke da izinin shiga har bakin kogin. Ciyawa koriya shar, rana doguwa, haske wadatacce. Ga wanda bai saba ɗaukar hoto cikin duhu ba, wannan lokacin ya fi sauƙi.

Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba kuwa lokacin kifin salmon ne. Kifin yana barin teku ya hau ƙananan rafuka zuwa inda aka ƙyanƙyashe shi, ya zuba ƙwai, ya mutu a nan. Duk wani mai rai a dajin sai ya sauko rafi: girizili, baƙar beyar, kerkeci, mikiya mai farin kai, hankaki. A nan ne kake da damar ganin farar beyar, wadda ita ce ke jawo mafi yawan masu kyamara zuwa wannan gaɓa. Ba zabiya ba ce, idonta da hancinta masu duhu ne. Baƙar beyar ce da ta gaji wata ƙwayar halitta daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa iyaye baƙaƙe kan haifi farin ɗa. Masana na kiranta Kermode, sunan Francis Kermode da ya shugabanci gidan tarihin lardin a Victoria, mutanen Tsimshian, 'yan asalin yankin, kuma suna ce mata moksgm'ol. Duk duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma sun fi yawa a tsibiran Gribbell da Princess Royal. Duk kamfanin da ya yi maka alƙawarin lallai za ka gan ta, ka yi hattara da shi. Ana iya zama wuni guda a bakin rafi ba ta leƙo ba.

Farashin wannan lokaci shi ne ruwa da duhu. Prince Rupert na samun ruwan sama kimanin milimita 2,600 a shekara, kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma daga Satumba ruwan yake ƙara ƙarfi. Amma ruwan nan shi ne ke ɗaga rafuka har kifi ya samu hanyar hawa. Idan aka yi fari a ƙarshen Agusta, kifin yakan tsaya cirko-cirko a bakin kogi yana jira, beyar ma ba ta da dalilin saukowa. Don haka mai neman hoto ba ya addu'ar a yi rana.

Manyan dabbobin teku da ake kira wel, musamman mai doro, suna nan tun daga bazarar can har zuwa Oktoba, don haka a kowane lokacin ka zaɓa za ka iya haɗuwa da su.

Mataki na biyu: zaɓen jirgi

Jiragen da ke wannan aiki ƙanana ne, yawanci baƙi shida zuwa goma sha shida suke ɗauka, tafiyar kuma kwana bakwai zuwa goma. Daga cikin tsofaffin kamfanonin akwai Bluewater Adventures, da Maple Leaf Adventures mai wani jirgin katako mai filafilai da aka ƙera a Vancouver a 1904, har yanzu yana aiki. Kada sunan jirgi mai filafilai ya sa ka zata iska ce za ta kai ka ko'ina. Lungunan matsattsu ne, iska ba ta da tabbas, saboda haka da inji ake yawancin tafiyar, a ɗaga filafilai idan an samu sarari.

Kafin ka biya ko sisi, rubuta musu ka yi waɗannan tambayoyi. Tafiyar ta masu ɗaukar hoto ce zalla, ko ta 'yan yawon buɗe ido ce da aka ce masu kyamara ma su zo? Bambancin babba ne. Mai kallo idan ya ga beyar minti ashirin ya ƙoshi, yana son a koma a sha shayi, kai kuwa a lokacin ne ka fara aiki. Mutum nawa ke shiga ƙaramin kwalekwalen roba da ake sauka da shi? Idan an cusa mutum goma a ciki, rabinku bayan 'yan'uwansu za su ɗauka. Kwana nawa aka ware wa rafukan farar beyar, kuma da 'yan jagora na wace al'umma? Wannan tambayar tana da muhimmanci, domin rafukan nan ƙasar mutane ce: Gitga'at na ƙauyen Hartley Bay, Kitasoo Xai'xais na Klemtu, Heiltsuk na Bella Bella. Da izininsu ake shiga, 'yan jagorarsu ne kuma suka san kowace beyar da halinta. Sai ka tambaya ko kamfanin memba ne na ƙungiyar kamfanonin kallon beyar ta lardin, wadda ke horar da 'yan jagora.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Dubban dalolin Kanada ne ga mutum ɗaya, kada ka yi mamaki in ya doshi dubu goma a watan Satumba, ban da tikitin jirgin sama da otal da tukuicin ma'aikata, wanda al'ada ce a can a bayar a ƙarshen tafiya. Guraben Satumba sukan ƙare shekara guda kafin lokacin. Wanda jiri ke damunsa a ruwa, ko ba ya son matsatsin ɗaki, yana iya sauka a Spirit Bear Lodge da ke Klemtu, mallakar al'ummar Kitasoo Xai'xais, ya riƙa fita da safe yana dawowa da yamma. Sai dai ni a ganina jirgi ya fi, saboda dalili ɗaya: a inda dabbobin suke kake kwana, da asuba kana wurin tun kafin wani ya iso.

Mataki na uku: biza da hanya

Mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar ziyara. A intanet ake cike takardun a shafin hukumar shige da fice ta Kanada, kuɗin biza dalar Kanada 100, na ɗaukar hoton yatsu dala 85, a Najeriya kuma ana ɗaukar yatsun a Abuja ko Legas. Amsa kan ɗauki watanni, don haka ka nema da wuri, ka haɗa da takardar shaidar ajiye gurbi daga kamfanin. Karanta ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi da kyau, ka tambaye su ƙarara me zai faru idan an hana ka biza, ka sa su ba ka amsa a rubuce. Inshorar tafiya ma dole ce, wadda ta haɗa da ɗauko mara lafiya da jirgin sama, domin asibiti yana nesa.

Vancouver za ka fara nufa. Ka bi ta Istanbul ko Frankfurt ko Amsterdam ko Landan, ka duba ƙa'idar yada zango ta ƙasar da za ka ratsa. Kada ka sayi tikitin da ya bi ta Amurka sai in kana da bizarta, domin ko canjin jirgi kawai za ka yi sai da ita. Daga Vancouver, jiragen Pacific Coastal na zuwa Bella Bella daga ƙaramar tashar kudu ta filin jirgin, Air Canada kuma na zuwa Prince Rupert da Terrace. Ƙananan jirage ne, suna da tsauri kan nauyin kaya, hazo kuma kan hana su sauka. Saboda haka ka isa garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, jirgin ruwa ba zai jira ka ba. Mai lokaci yana iya hawa babban jirgin fito na BC Ferries daga Port Hardy zuwa Prince Rupert, tafiyar kimanin awa 16 ta cikin wannan dajin dai.

Kilishi da dambun nama ka bar su a gida. Kanada na hana shigo da nama daga ƙasashe da dama, kuma duk abincin da ke jakarka sai ka bayyana shi ga jami'an kwastan.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani shi ne duhun dajin. Itatuwan sidar da sufurus na wurin dogaye ne ƙwarai, wasu sun haura shekara dubu, rassansu lulluɓe da gansakuka, sama kuma gajimare. Da tsakar rana a bakin rafi sai ka ga kamar magariba ta kusa. Saboda haka lens, wato gilashin gaban kyamara, mai shan haske ya fi mai nisan zango amfani a nan. Gwargwadon ƙanƙantar lambar f ɗin lens, gwargwadon faɗin buɗinsa. Mai buɗin f/4 yana shigar da haske ninki uku na mai f/7.1, mai f/2.8 kuma ninki huɗu na mai f/5.6. A rafukan farar beyar dabbar kan zo kusa sosai har 70-200mm f/2.8 ya wadatar, wani lokaci ma ya yi yawa. Don girizili a fili da wel da tsuntsaye kana buƙatar 100-400mm ko 100-500mm ko 200-600mm. Sai ƙaramin lens mai faɗi, irin 24-105mm, don duwatsu da magangarar ruwa da rayuwar cikin jirgi. Idan ba ka da su, akwai shagunan haya a Vancouver, ya fi ka saya don tafiyar mako guda.

Kyamara biyu ka ɗauka in da hali, kowace da lens ɗinta. Canza lens cikin ruwan sama a kan kwalekwale mai rawa neman magana ne, kuma idan ɗaya ta lalace babu shago sai bayan mako. Sandar kyamara mai ƙafa uku ba ta da amfani a kwalekwale, girgizar inji da motsin mutane take kawo maka kai tsaye. A bakin rafi tana taimakawa wajen dogon zama, amma mai ƙafa ɗaya ta fi sauƙin ɗauka.

Ka tanadi rigar ruwa ta kyamara, jakar da ruwa ba ya shiga, tsummokin goge lens da yawa a aljihu daban-daban domin ɗaya zai jiƙe cikin minti goma, da ƙunshin garin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Batir huɗu ko biyar, domin sanyi na shanye su, kuma a jakar hannu ake hawa jirgin sama da su, ba a cikin akwati ba. Wutar Kanada bolt 120 ce, soket ɗinsu mai siraran baki biyu ne, ba irin namu mai uku ba. Yawancin cajoji na karɓar 100 zuwa 240, kan soket kawai za ka saya. A jirgin ruwa akan kunna janareta a wasu sa'o'i, ka tambayi lokacin ka yi cajinka. Memori kuwa ka ninka abin da kake zato.

Tufafi: auduga ba ta da wuri a nan, in ta jiƙe ba ta bushewa kuma tana janye ɗumin jiki. Ka sa na ulu ko na roba a ciki, mai kauri a tsakiya, rigar ruwa da wandon ruwa na gaske a waje, hular sanyi, safar hannu biyu, da dogon takalmin roba har gwiwa, domin cikin ruwa ake dirowa daga kwalekwale. A Satumba ma'aunin zafi kan tsaya tsakanin digiri 8 zuwa 15. A takarda ba wani abu ba ne, amma ka zauna awa biyar ba motsi a kan jiƙaƙƙen gungume ka ji yadda yake ratsa ƙashi.

Mataki na biyar: saita kyamara tun kana gida

Kada ka bari sai beyar na gabanka sannan ka fara laluben maɓalli. Sa kyamara a kan M, ka zaɓi buɗin lens da saurin ƙyaftawa da kanka, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya riƙa daidaita kansa, ka ba shi dama ya hau har 6400 ko 12800. Mutane na tsoron ISO mai yawa saboda ɗigo-ɗigon da yake sa wa hoto. Ɗigon nan manhajojin yanzu na share mafi yawansa, amma hoton da ya yi dishi-dishi saboda motsi ba shi da magani. A RAW za ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kuma kashe ƙarar kyamara da ƙaramar fitilar nan da ke haskawa lokacin neman saiti. Filasha haramun ce gaba ɗaya.

Ga ma'aunin saurin ƙyaftawa, a kason daƙiƙa, da za ka fara da shi. Beyar na kiwo ko tana zaune, 1/500. Tana tafiya, ko kai kana cikin kwalekwale, 1/800 zuwa 1/1000. Tana tsalle kan kifi ko tana kakkaɓe ruwa, 1/1600. Wel da mikiya a sama, 1/2000. Idan duhu ya matsa a cikin daji, sauko har 1/250, ka jingina gwiwar hannu a kan gwiwarka, ka riƙa ɗauka a jere lokacin da dabbar ta ɗan tsaya. A cikin goma za ka samu biyu masu kyau. A wannan saurin ruwan sama kan fito kamar zare a hoto, abin da ke ba shi kamannin wurin na gaskiya.

Sai batun farar beyar, inda kyamara ke ruɗewa. Tana ganin duhun daji ya cika fili sai ta ƙara haske, farin gashin ya ƙone ya zama fari fat babu zane, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Rage hasken da kashi biyu cikin uku na mataki, ko mataki guda, a ma'aunin hasken kyamara, ka kunna alamar nan mai walƙiya da ke nuna inda ya ƙone, ka duba bayan hoton farko. Da ta fita daga inuwa zuwa haske, sake dubawa. Baƙar beyar kuma akasin haka: idan ka bar hoton ya yi duhu, gashinta ya zama dunƙulen baƙi babu ido. Jira ta juyo fuskarta wajen sararin sama har ɗan haske ya faɗa cikin idon. Idan baƙa da fara suka zo tare, farar za ka kare.

Na'urar gane idon dabba da ke cikin sababbin kyamarori na aiki, amma idon beyar ƙarami ne kuma baƙi cikin baƙi, ganye da ɗigon ruwa ma na sace saitin. Ware maɓalli guda da zai mayar da kai ɗigon saiti ɗaya tak cikin ƙiftawar ido. Ka gwada duk wannan a gida da magariba, a kan baƙar akuya da fara suna yawo a tsakar gida, har yatsunka su haddace.

Mataki na shida: a cikin kwalekwale da bakin rafi

Ba agogo ke tsara wuni a nan ba, teku ce. Sau biyu a rana take cika ta janye, kuma a yankin Prince Rupert bambancin wani lokaci yakan haura mita 7. Idan ta cika, kwalekwale na iya kutsawa can cikin bakin kogi kusa da inda girizili ke kiwo. Idan ta janye, laka da duwatsu sun fito, beyar da kerkeci na sauka neman ƙaguwa da ƙumba, amma kwalekwalen da ya yi jinkiri sai ya kafe. Don haka idan kyaftin ya ce a tashi ƙarfe biyar na asuba, ko ya ce a bar wuri ana tsakiyar daɗi, ba mugunta ba ce.

A kwalekwale ka zauna ƙasa-ƙasa, kada ka miƙe sai an ce, kada ka motsa lokacin da wasu ke ɗauka, domin motsinka na girgiza lens ɗin kowa. Ƙasa-ƙasan nan riba ce: hoton da aka ɗauka daidai tsayin idon dabba ya fi wanda aka leƙo daga sama nesa ba kusa ba. Idan ɗan jagora ya kashe inji ya bar ruwa na jan ku, a lokacin za ka samu hotuna mafi kaifi.

A bakin rafi za a nuna muku wurin zama, ku zauna a dunƙule wuri guda. Hikimar ita ce beyoyin sun saba ganin mutane a wannan wurin dai, suna yin abu iri ɗaya kullum, har sun daina kula su. Da wani ya ware ya matsa gaba don neman kusurwa, ya karya wannan amana, dabbar ta bar rafin, kowa ya yi asara, ita kuma ta rasa abincin da take tarawa don hunturu. Magana da raɗa, ba a nuni da hannu da sauri, ba a kai abinci sai abin da ɗan jagora ya yarda, kuma turare, duk son da muke masa, a bar shi a jirgi. Hancin beyar ya fi idonta aiki. Idan ta nufo ku kada ka gudu, kada ka ja da baya da kanka, yi abin da ɗan jagora ya ce. Shi ke riƙe da barkonon fesawa, kuma da wuya ya taɓa shi. Tun ƙarshen 2017 aka haramta farautar girizili a lardin, daga baya aka hana farautar baƙar beyar a yankunan Gitga'at da Kitasoo Xai'xais, domin baƙar da aka harbe tana iya zama mai ɗauke da ƙwayar farin gashi.

Wurin zai yi warin ruɓaɓɓen kifi, ka shirya wa wannan. Kuma kada jiran beyar ya rufe maka ido daga sauran. Beyar kan ja kifi cikin daji ta ci rabi ta bar saura, kerkeci galibi kan kawai yake ci, ragowar ta ruɓe ta zama taki. Masu bincike a Jami'ar Victoria sun gano sinadarin naitirojin na teku a jikin itatuwan da ke bakin waɗannan rafuka, wato kifin ne ke ciyar da dajin. Hoton gawar kifi a kan gansakuka a gindin ƙaton itace, ko sawun ƙafa a laka, yana ba da labarin da fuskar beyar ita kaɗai ba ta bayarwa. Haka ma, ka riƙa janye lens baya. Fuskar beyar da ta cika hoto ana iya ɗaukarta a gidan zu, amma ƙaramar farar halitta a ƙarƙashin manyan itatuwa cikin hazo, sai a nan.

Ga wel, doka ta ce a tsaya mita 100 daga gare su, mita 200 idan uwa ce da ɗa ko suna hutawa, mita 200 kuma ga baƙi-da-farin nan da ake kira orka, a kudancin lardin ma tazarar ta fi haka. Jirgi mara matuƙi ka bar shi gida, dokar dabbobin teku da ta gandayen lardin duk sun taƙaita shi. Abin da kowa ke fata shi ne farautar haɗin gwiwa ta wel mai doro: suna nutsewa ƙarƙashin garken ƙananan kifaye, su busa kumfa a zagaye kamar raga, sannan su ɓullo tare baki buɗe. Kada ka manna ido a kyamara kana jira. Buɗe ido biyu ka nemi zoben kumfa a kan ruwa, ka kuma lura da tsuntsayen teku, su ke fara sanin inda za a ɓullo. Rage zuƙowa zuwa 200mm ko ƙasa, domin sun fi yadda kake zato girma. Idan ka ga wel ya lanƙwasa baya sosai, nutso mai zurfi zai yi, wutsiya na tafe. Zanen ƙasan wutsiyar kowane daban yake, kuma idan ka tura hoton a shafin Happywhale za a iya gaya maka wane ne da inda aka taɓa ganinsa, wataƙila Hawaii ko Meziko.

Idan an sauka a ƙauye, nemi izini kafin ka ɗauki mutum ko gidan taronsu na gargajiya. Tsofaffin kufai da makabartu da zanen kan duwatsu, wasu ba a ɗauka sam, wasu ana ɗauka amma ba a faɗin inda suke. Kashe alamar wuri a hotunan da za ka wallafa, har da na rafukan farar beyar.

Mataki na bakwai: rayuwar cikin jirgi da aikin dare

Tun lokacin biyan kuɗi ka sanar da su ba ka cin naman alade, ba ka son giya a girki, kuma kifi da ganye sun ishe ka idan babu naman halal. Kuku na sayen kayan mako guda ne kafin a tashi, babu kasuwa a hanya. Alƙibla daga wannan gaɓa kusan arewa take sak, ta ɗan karkata gabas, abin da kan ba mutumin da ya saba fuskantar gabas mamaki. Sabis na waya babu shi a mafi yawan hanyar, don haka sauke jadawalin lokutan salla tun a gari. A watan Yuni rana kan kai kusan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba. Ruwan lungunan a kwance yake yawanci, amma akwai 'yan wurare kamar Milbanke Sound da ake ratsa buɗaɗɗiyar teku. Sha maganin jiri kafin a shiga, ba bayan ciki ya fara juyawa ba.

Babban abokin gabar kyamara a jirgi ba ruwan sama ba ne, raɓa ce. Ka shigo da kyamara mai sanyi cikin ɗaki mai ɗumi, nan take gilashin ya yi gumi ciki da waje, kuma sai ya ɗauki awa bai washe ba, daidai lokacin da wani zai yi ihun ga wel. Goge ta tun a waje, cire memori da batir, sa ta a jaka ka zuge, ka bar ta ta ɗumama a hankali, ko ka ajiye ta a rumfar jirgi inda babu na'urar ɗumama ɗaki. Idan feshin teku ya taɓa ta, goge da tsumma mai ɗan danshin ruwan sha, domin gishiri na cin ƙarfe.

Kowane dare kwafe hotunan wuni zuwa wuri biyu, kwamfuta da wani faifan ajiya na daban, kada kuma ka share memori sai dole. Ba lokacin tace hotuna ba ne, amma buɗe goma ko ashirin ka zuƙo su sosai ka duba ido: yana da kaifi? Farin gashi ya ƙone? Idan yawancinsu sun yi dishi-dishi, gobe ƙara saurin ƙyaftawa ka ƙyale ISO ya hau. Rubuta sunan wurin da sunan da ɗan jagora ya kira dabbar da shi, domin bayan kwana takwas lungunan duk za su cakuɗe maka. A hanyar dawowa, faifan ajiya a aljihunka, kwamfuta a jakar hannu, memori a wata jakar daban.